Washegarin Tuntuɓe: Inda Ƙudurin Sabuwar Shekara Ke Mutuwa ko Ya Rayu

Duk ƙarshen Disamba mutane kan ɗaura ɗamara. Direba ya ce daga ɗaya ga wata ya yi bankwana da sigari. Uwargidan da likita ya gargaɗa kan hawan jini ta ce ta rage gishiri da maiƙo. Mai shago ya sayo sabon littafi domin rubuta shige da ficen kuɗinsa, ma'aikaci kuma ya ci alwashin bana sai ya sauke Alƙur'ani, ko ya koma karatun da ya jingine tuntuni. Kafin Janairu ya fita, da yawansu sun koma 'yar gidan jiya. Kamfanin Strava, wanda manhajarsa ke ƙidaya gudu da tuƙin keken miliyoyin mutane a duniya, ya duba bayanan masu amfani da ita, ya ga tsakanin mako na biyu da na uku na watan ne himma ke fara zubewa.

Wannan ya sa wasu ke ɗaukar al'adar baki ɗaya a matsayin yaudarar kai. Alƙaluman da ake da su ba su goyi bayan wannan hukunci ba. John Norcross, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Scranton da ke jihar Pennsylvania ta Amurka, ya shafe shekaru yana bibiyar masu irin wannan ƙuduri. A wani bincikensa da ya fito a 2002, ya kwatanta mutum 159 da suka ɗauki ƙuduri a farkon shekara da wasu 123 waɗanda su ma suna da abin da suke son gyarawa, amma ba su tsayar da rana ba. Bayan wata shida, kashi 46 cikin 100 na rukunin farko suna nan a kan bakansu. A rukuni na biyu kuwa, kashi 4 ne kacal suka canza. Ashe ƙulla niyya da sa mata rana ba aikin banza ba ne.

Binciken da ya fi koyar da darasi shi ne wanda Norcross ya yi tun da fari tare da Dominic Vangarelli. Sun bi mutum 200 har tsawon shekara biyu. Kashi 77 cikin 100 sun riƙe alkawarinsu mako guda. Da shekara biyu ta cika, saura kashi 19. Wannan 19 ɗin ita ake ta yaɗawa domin a nuna rashin alkawarin ɗan Adam. Akwai kuwa wata lamba a cikin rahoton da ba a cika ambata ba: kashi 53 na waɗanda suka kai gaci sun karya ƙudurin aƙalla sau ɗaya a hanya, kuma matsakaicin adadin tuntuɓen cikin shekara biyun ya kai 14. Wato a cikin waɗanda suka yi nasarar ma, fiye da rabi sun taɓa faɗuwa, galibi a ranar ɓacin rai ko matsin lamba. Tun da masu nasara da waɗanda suka sare duk sun yi tuntuɓe, to abin da ya raba su ya faru ne washegari.

Masana sun daɗe da sanin abin da ke faruwa a wannan washegarin. G. Alan Marlatt na Jami'ar Washington, wanda ya yi aiki da masu fama da shaye-shaye, ya lura cewa kofi ɗaya da mutum ya sha bayan ya daina bai cika zama abin da ke mayar da shi ruwa ba. Fassarar da ya yi wa kofin ita ce ke mayar da shi. Idan ya ce wa kansa "ai dama na sani, ni ba zan iya ba", sai kunya da zargin kai su rufe shi, ya nemi sauƙinsu a cikin abin da yake gudu. A 1975 C. Peter Herman da abokiyar aikinsa Deborah Mack sun nuna irin wannan a fagen abinci. Sun ba ɗalibai mata kaɗaɗɗiyar madara mai kauri da zaƙi, sannan suka ajiye musu askirim suka ce su ɗanɗana. Waɗanda ba sa taƙaita abinci suka ci askirim kaɗan, domin madarar ta riga ta cika musu ciki. Masu ƙoƙarin rage ƙiba kuwa, da suka ga dokar ranar ta riga ta karye, sai suka ci fiye da yadda za su ci da ba su sha madarar ba. Tun da an jiƙe, a ƙarasa wanka.

A nan ne aikin Carol Dweck ya shigo. Farfesa ce a Jami'ar Stanford, kuma littafinta Mindset na 2006 ne ya fito da ra'ayin daga ɗakin bincike zuwa makarantu da kamfanoni. Abin da take cewa a taƙaice shi ne, mutane sun bambanta wajen yadda suke kallon iyawarsu. Wasu suna ganin basira da hali rabo ne da aka yanka wa mutum, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa; wannan shi ne kafaffen tunani. Wasu kuma suna ganin iyawa tana ƙaruwa da koyo, da dabara, da taimakon wanda ya fi sani. Wannan shi ne tunanin haɓaka. Ga mai kafaffen tunani, kowace faɗuwa shaida ce a kan ko shi wane ne. Ga mai tunanin haɓaka, faɗuwar labari ce a kan hanyar da ya bi.

Bahaushe ya san ɓangarorin biyu tun kafin Dweck. Shi ya ce hali zanen dutse, shi ne kuma ya ce gemu ba ya hana ilimi, kuma a kan wannan magana ta biyu aka gina Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, lokacin da magidanta masu furfura suka zauna suna koyon a, ba, ca. Matsalar ita ce, idan ana maganar wani sai a tuna da gemu, idan mutum ya zo kan kansa sai ya tuna da dutse. "Hannuna ba ya riƙe kuɗi." "Kaina ba ya ɗaukar lissafi." "Mu gidanmu duk haka muke da zafin zuciya." Duk wanda ya ɗaura ƙudurin Janairu a kan irin wannan magana, ya riga ya tanadi hujjar da zai sauka da ita ranar da ya fara zamewa.

Sau da yawa tun ƙuruciya ake dasa wannan. A 1998 Dweck da Claudia Mueller sun yi gwaji da yara 'yan aji biyar na firamare a Amurka. Bayan yaran sun warware wasu tambayoyi masu sauƙi, aka yaba wa wasu da cewa lallai suna da kaifin basira, wasu kuma aka yaba musu da cewa lallai sun yi aiki tuƙuru. Da aka ba su zaɓi, mafi yawan waɗanda aka yaba wa basira suka gwammace aikin da ba zai tona musu asiri ba, alhali kusan duk waɗanda aka yaba wa ƙoƙari sun zaɓi wanda za su koyi sabon abu a cikinsa. Aka kawo tambayoyi masu wuya, kowa ya sha kashi. Da aka dawo ga masu sauƙi, rukunin ƙoƙari suka ƙara maki, rukunin basira suka yi ƙasa da yadda suka fara. Abin da ya fi tayar da hankali, da aka ce su rubuta wa wasu yara makin da suka samu, kusan kashi 40 cikin 100 na rukunin basira sun ƙara wa kansu maki, a rukunin ƙoƙari kuwa kashi 13 ne suka yi haka. Iyayen da ke kiran ɗa guda haziƙi, su kira ƙaninsa daƙiƙi, suna cutar da su biyun: ɗayan ya tashi yana tsoron abin da zai rage masa suna, ɗayan ya tashi bai ga amfanin gwadawa ba.

Shin manya ma suna canzawa, ko dai zance ne na ƙarfafa gwiwa kawai? Direbobin tasi na Landan sun ba da amsa mai kyau. Kafin a ba mutum lasisin baƙar tasin birnin, sai ya haddace tituna kusan 25,000 da wuraren da ke kansu, karatun da kan ɗauki shekara uku zuwa huɗu. Eleanor Maguire da Katherine Woollett sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu koyo 79 kafin su fara, suka sake ɗauka bayan shekaru. A rahotonsu na 2011, mutum 39 da suka ci jarrabawar an ga ɓangaren ƙwaƙwalwarsu mai kula da tuna wurare ya ƙaru. Waɗanda suka bari a hanya ba a ga wannan canji a tare da su ba. Waɗannan duk baligai ne, ba yara ba.

Masu barin sigari su ma suna da labari. Wani bincike da Michael Chaiton ya jagoranta a lardin Ontario na Kanada, wanda ya fito a 2016, ya ƙiyasta cewa mashaya da yawa sai sun yi yunƙuri 30 ko fiye kafin su rabu da ita. Mutumin da ya faɗi sau biyar ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba mai bari ba ne, ya yi saurin yanke hukunci ƙwarai. Akwai kuma gwajin da Jeni Burnette da Eli Finkel suka yi a 2012 da masu rage ƙiba na tsawon mako 12: saƙon cewa nauyin jiki abu ne da ake iya sarrafawa ya fi amfani ne ga waɗanda suka yi mummunan zamewa, domin ya hana su ƙara nauyi kamar takwarorinsu da ba su samu saƙon ba. A wurin faɗuwa tunanin ya yi aikinsa.

To amma fa kada a zuzuta. Bayan littafin Dweck ya yi kasuwa, an mayar da tunanin haɓaka tamkar maganin kowace cuta, ana liƙa shi a bangon aji da ofis, masu laccar zaburarwa suna cin abinci da shi. Da masu bincike suka zo tantancewa, abin bai kai yadda ake kururuwa ba. A 2018 Victoria Sisk da Brooke Macnamara da abokan aikinsu suka tattara ɗaruruwan nazarce-nazarce, suka ga alaƙar tunanin da sakamakon karatu rauni gare ta, kuma darussan da ake koyar da shi ba sa ɗaga maki sai ɗan kaɗan, ko da yake sun fi amfanar 'ya'yan talakawa da ɗaliban da ke gab da faɗuwa. A 2019 Yue Li da Timothy Bates suka maimaita gwajin yabon yara a ƙasar Sin da yara sama da 600, ba su samu mafi yawan abin da aka samu a 1998 ba. A 2019 ɗin dai David Yeager da Dweck da wasu suka fitar da gwaji mafi girma, da ɗalibai sama da 12,000 a makarantun gwamnati 65 na Amurka. Darasin bai kai awa ɗaya ba, ta kwamfuta. Ya ɗaga makin ɗalibai masu rauni da 0.1 a ma'aunin maki huɗu, kuma tasirin ya fi tsayawa a makarantun da sauran ɗalibai ba sa yi wa mai ƙwazo ba'a.

Duk wanda ya karanta waɗannan sakamako da adalci zai ga abu biyu. Tasirin na gaske ne, musamman ga wanda ya saba faɗuwa, kuma riba ce babba idan aka dubi cewa darasin bai kai awa ɗaya ba. Amma ƙarami ne, kuma yana buƙatar wurin da zai kama. Dweck da kanta ta yi kashedi a 2015 a kan abin da ta kira tunanin haɓaka na jabu, inda ake ta ce wa mutum "ƙara ƙoƙari" alhali hanyar da yake bi ce ba ta ɓullewa. Ƙoƙari a kan hanyar da ta riga ta gaza sau uku gajiya kawai yake haifarwa. Tambayar da tunanin haɓaka na gaske ke yi washegarin tuntuɓe ita ce: me ya jawo, kuma me za a sauya?

Haka nan zalunci ne a ɗora wa tunanin mutum abin da aljihunsa ya jawo. Magidancin da ya ƙudurta ajiye wani kaso na albashinsa a farkon 2024 ya shiga shekarar da hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Idan ajiyarsa ta narke a kuɗin masara da na mota, ba raunin zuciya ba ne. Abin da tunanin haɓaka zai iya yi masa shi ne ya hana shi cewa shi ba mai tattali ba ne, ya sa ya rage adadin zuwa abin da zai yiwu maimakon ya rufe asusun.

Sauyin hanya kuwa yana da abubuwan da aka gwada aka ga suna aiki. A Suwidin, Martin Oscarsson da Per Carlbring da abokan aikinsu sun bi mutum 1,066 shekara guda, suka buga sakamakon a 2020. Masu ƙudurin fara wani abu, kusan kashi 59 cikin 100 suka ce sun yi nasara. Masu ƙudurin guje wa wani abu, kashi 47. Mutanen ne da kansu suka ba da rahoton nasarar, don haka a rage wani abu daga lambobin, amma tazarar tana da ma'ana. "Zan daina kwana a kan waya" ya bar hannu babu abin yi. "Bayan isha'i zan sa wayar caji a falo in karanta shafi biyu" ya ba hannun aiki.

Wannan jimla ta biyu tana ɗauke da wata dabarar, wadda Peter Gollwitzer ya shafe shekaru yana nazari: ɗaure aiki da lokaci da wuri, a ce idan kaza ya zo zan yi kaza. Shi da Paschal Sheeran sun tattara gwaje-gwaje 94 a 2006, suka ga tasirinta ba ƙarami ba ne. Wani kamfani a Amurka ya aika wa ma'aikatansa takardar tuni kan allurar mura. Waɗanda aka ba su gurbin rubuta rana da sa'ar da za su je sun fi sauran zuwa da kusan kashi 4 cikin 100. Rubuta rana da sa'a kawai. Musulmi yana da sa'a a nan, domin yininsa a yanke yake gida biyar, kuma duk abin da aka rataya a bayan asuba ko la'asar ya samu ƙugiyar da ba ta motsi. Adashi ma haka yake aiki: an san ranar zubi, an san uwar adashi za ta turo, an san sauran 'yan zubi suna jira. Matar da ke cewa kuɗi ba sa zama a hannunta takan yi shekara ba ta tsallake zubi ba. Halinta bai canza cikin dare ba, tsarin da ta shiga ne ya riƙe ta.

Sai batun tsawon lokaci. Maganar nan da ake yawan ji cewa kwana 21 ke kafa ɗabi'a ta samo asali ne daga wani likitan gyaran fuska, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa marasa lafiyarsa kan ɗauki aƙalla mako uku kafin su saba da sabuwar kamarsu. Ba ɗabi'a ya auna ba. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan su suka auna, da mutum 96 da kowannensu ya zaɓi ƙaramin aiki na kullum, kamar shan ruwa da abincin rana ko ɗan gudu kafin na dare. A rahotonsu na 2010, tsaka-tsakin lokacin da aikin ke zama jiki kwana 66 ne, kuma ya kama daga 18 har zuwa 254. Wanda ya fara ranar ɗaya ga Janairu ke nan, sai cikin Maris zai fara jin sauƙi, wani ma sai damina ta yi nisa. Sun kuma gano cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Wanda ya yarda da kwana 21, ya ga mako na huɗu ya zo har yanzu yana jan ƙafa, zai ɗauka shi ne ke da matsala, alhali lissafin da aka ba shi ne ba daidai ba.

Babban giɓin da ke cikin mafi yawan ƙudurorin Janairu shi ne ba a yi musu tanadin rafkanwa. Wanda ya yi mantuwa a salla ba ya cewa shi ba masallaci ba ne. Ya san inda ake ƙabli, ya san inda ake ba'adi. Wanda rashin lafiya ko tafiya ta sa ya sha azumi ya san akwai ramuwa. An san ɗan Adam zai yi kuskure, sai aka shimfiɗa masa hanyar dawowa tun kafin ya yi. Malamai kuma sun daɗe suna karantar da fifikon ƙaramin aiki mai ɗorewa a kan babba mai yankewa, bisa hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha. Mai ƙudurin da ya rubuta tun ranar farko abin da zai yi idan ya tsallake kwana biyu, wa zai kira, da wane ƙaramin adadi zai sake farawa, ya fi wanda ya rantse ba zai taɓa tsallakewa ba tsaro nesa ba kusa ba.

Ba dole ne kuma a jira wani Janairun ba. Hengchen Dai da Katherine Milkman da Jason Riis na Jami'ar Pennsylvania sun nuna a 2014 cewa duk wata rana da mutum ke ji kamar an buɗe sabon shafi tana ɗaga himma: zuwan ɗalibai wurin motsa jiki ya ƙaru da kusan kashi 33 cikin 100 a farkon mako, da kashi 47 a farkon zangon karatu. Mai amfani da kalanda biyu yana da irin waɗannan ranaku da yawa, ga ɗaya ga Muharram, ga Ramadan da ke sa mashayin sigari ya yini bai kunna ba har kwana 29 ko 30, ga bayan salla, ga faɗuwar ruwan farko. Sai dai Dai ta gano wani abu daga baya, a 2018, da ta duba 'yan wasan besbol na Amurka waɗanda ake goge ƙididdigar wasansu a fara daga sifili idan an sayar da su zuwa wata gasar a tsakiyar kaka. Waɗanda wasansu ya yi ƙasa kafin sauyin sun farfaɗo. Waɗanda suke kan ganiyarsu kuwa sun ja baya. Sabon shafi na wanda ya zame ne. Wanda tun Oktoba ya kama tafiyar safe kuma tana tafiya daidai, ba shi da buƙatar rushe tsarinsa ya ƙirƙiro wani mafi girma don kawai shekara ta juya.